Fim Ɗin da Kawu Ba Zai Mutu Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara, kuma aikin asibiti bai cinye ki ba. Mu nan lafiya lau. Kawu da Iya matarsa suna gaishe ki, Iya ta ce a faɗa miki man zafin da kika aiko ya yi mata aiki a gwiwa.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, sannan na nemi kujera na sake karantawa, domin akwai wuraren da ba sa haɗiyuwa a tsaye. Ashe kin kalli fim ɗina na baya! Kin ce don kara kawai kika kalla, amma mai kallo don kara ba ya lura da cewa jarumi ya shiga ƙofa da shuɗiyar riga ya ɓullo cikin ɗaki da fara. Kin ga fentin bindiga ya kama hannun Bos. Kin ga motar da aka ce ta faɗa rami ta ƙone ita ce ta kawo ’yan sanda a ƙarshe. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Mota ɗaya muka samu aro, ita ma sai da mai ita ya zauna a ciki ya kwantar da kujera don kada ya fito a hoto. Jininmu jan kala ne da ruwan sukari, shi ya sa kika ga gawa tana korar ƙuda da ɗan yatsa. Ƙarar naushi kuwa ni nake yin ta da tafin hannuna a kan tsohuwar kujerar leda, har hannun ya yi kanta.

Amma Yaya, inda kika ce labarin duk iri ɗaya ne, a kashe uba, ɗa ya girma ya rama, kuma ba ki ga abin da mutane ke tsinta a ciki ba, nan ne ban yarda ba. Ke a falonki kika kalla, da shayi a hannu, kina neman kuskure. Da za ki zo gidan kallon da ke bayan gareji ki zauna a benci, da kin ga abin da nake gani. Bakanike ne da maigidansa ya kora babu laifi. Mai tura baro ne da aka mara a gaban jama’a bai ce uffan ba. A waje, wanda ya cuce ka gobe za ka gan shi ya ƙara tumbi ya sake mota, har ka rusuna ka gaishe shi. A wajenmu kuwa ba ya wuce ƙarshen fim. Idan jarumi ya cafki wuyan Bos, ɗakin nan gaba ɗaya yake miƙewa, wani har ya jefa takalmi. Babu mai tambayar launin riga a lokacin. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, to mu ita muke sayarwa, ga mutanen da ba su da inda za su same ta.

Duk da haka maganar rigar ta tsaya mini a rai, kada ki ga na yi ta cika baki.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Kin san tun da aka sallami Kawu daga masaƙa ya shigo wannan harka, aikinsa ɗaya ne: shi ne uban da ake kashewa a farko. An harbe shi, an soke shi, an turo shi daga bene, an ba shi guba a shayi. Kafin mai kallo ya gyara zama ya mutu, ya wanke jan kala ya koma gida. A unguwa ba mai kiran sa sai Mutu-da-wuri, masu shaguna in ya wuce sai su ce Allah ya jiƙan maza, shi kuma ya ɗaga hannu ya amsa da amin. Ni duk na ɗauka abin yana ba shi dariya ne.

Ranar nan ya zo ɗakin da nake tace fim, ya zauna a kan kwalin da ke bayan ƙofa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Can ya ce yana da buƙata ɗaya. Ya ce ya gaji da a riƙa rama masa. A masaƙa an kore shi ya haɗiye, a fim ma sai dai ya kwanta wani ya tashi domin sa. Yana so sau ɗaya a ce shi ne ya shiga gidan azzalumin, ya gama abin da ya kai shi, ya fito ta ƙofa da ƙafafunsa, rubutun ƙarshe ya hau a kansa yana tsaye. Ya ce ba ma faɗan ne ya dame shi ba, fitowar yake so. Wallahi Yaya sai na ji kunya ta rufe ni. Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Inna, na kashe shi ya fi a ƙirga, ban taɓa tambayar sa ko yana so ya rayu ba.

Na yi masa alkawari a take. Na juya labarin: wannan karon ɗan ne za a kashe a farko, uban ya rama. Mai Jari, wanda ke zuba mana kuɗin fim ya kuma sayar, ya yi ta tsaki, wai wa zai sayi tsoho yana dambe. Na bi shi shago, na bi shi gida, har ya ce na je na yi, in fim ɗin ya yi kwantai, asarar a kaina. Za mu fara ɗauka ba da jimawa ba.

Kin yi tambaya a kan maganin hawan jininsa. Iya ta ce yana sha idan ya tuna. Ki rubuto masa da kanki, ke kaɗai yake tsoro.

Ki shafa mini kan yara. Ki gaida maigidan.

Ƙaninki,
Auta


Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin ƙaramar, zazzaɓin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi. Yaya aiki, yaya fama da jama’a? Kawu ya samu wasiƙarki, ya karanta ya ninke ya ce likitar gida ta yi faɗa. Ya sha maganin a gabana ranar, ban san na washegari ba.

Mun yi nisa da aiki, kuma ba yabon kai ba, wannan fim ya fi duk abin da na taɓa yi. Kawu ya zama wani mutum daban. Shi ke riga kowa zuwa wajen ɗauka. Ya koyi riƙon sanda a wajen yaran da ke shirya mana faɗa, yana gwadawa a tsakar gida har ya fasa wa Iya bokiti. Bos ɗinmu, kin san shi, telan nan mai ƙaton wuya da ke tsoron allurar asibiti, duk lokacin da aka ce ya ture Kawu sai ya fara da “Baba ka yafe ni”, sai mun sake ɗauka. Jiya Kawu ya daka masa tsawa ya ce in bai ture shi da gaske ba zai je ya faɗa wa matarsa inda yake ɓoye sigari. Nan take turin ya yi kyau.

Akwai abin da ya ɗan shiga tsakanina da shi, gara ki ji daga bakina. Kin tuna kwat ɗinsa na masaƙa, ruwan toka mai manyan maɓallai, wanda Iya ke ajiyewa a ƙasan akwati? Shi na sa ya saka tun daga farkon fim har ƙarshe. In ya sa shi ya tsaya, ba sai an faɗa wa mai kallo cewa wannan mutum ya yi aiki da gaskiya an ci amanarsa ba. Sai dai kwat ɗin guda ne, babu irinsa a kasuwa, telanmu ma ya duba ya ce yadin ya daina zuwa.

To a aiki irin namu, ba labari ke tsara abin da za a fara ɗauka ba, riga ce. Masu hali suna ɗinka iri ɗaya da yawa, wannan mai tsabta, wannan yagagge, wannan mai jini, su ɗauki duk fitowar da suka ga dama a ranar da suka ga dama. Mu kuwa sai mu bi rigar yadda take lalacewa. A fara da inda take fes, a zo inda ta yi ƙura, a zo inda hannu ya yage, jini ya zo daga ƙarshe, domin jan kalan nan in ya kama yadi ko an kwana ana wanki ba ya fita. A da ba na damuwa, in riga ta ɓaci a ari wata, shi ya haifi shuɗiya da farar da kika kama ni da su. Wannan karon na rantse ba za a samu ko zare ɗaya da ya saɓa ba.

Shekaranjiya muna hutawa a ƙarƙashin rumfar gareji, Kawu ya ja ni gefe ya ce mu ɗauki ƙarshen yanzu. Fitowar ƙofar kawai, ya ce, ba za ta ci rabin yini ba, a ajiye ta, sauran a bi a hankali. Na yi masa bayanin kwat, wanda ya fi ni sani. Ya ce a zuba jinin, daga baya a ari wani kwat a ƙarasa tsakiyar, masu kallonmu ba su taɓa kai ƙarar riga ba. Na ce a’a Kawu, ai wannan fim ɗinka ne, ba na so a nuna shi a yi dariya. Na ce ƙarshe ba gudu zai yi ba. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce to Darakta, yadda ka ce. In ya kira ni Darakta maimakon Auta, na san ransa bai so ba, amma bai sake tayar da maganar ba.

Ina ganin ɗoki ne kawai, irin na yaro da sabon takalmi. Saura kaɗan ai. Gobe za mu ɗauki inda yaran Bos suka tare shi a bayan sito suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka tafi suna zaton ya mutu. Daga nan sai jinya, sai shiga gidan Bos, sai ƙofa. In fim ɗin ya fito zan aiko miki, ki kalla da gilashinki na neman laifi, in kin samu riga ta sauya ki cire ni daga ƙannenki.

Iya tana gaisuwa, ta ce bokiti dai a kanki yake tunda ke ce babba.

Naki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na san an riga an sanar da ke ta waya, kuma na san ba a ba ki hutu ba, kada ki sa wa ranki damuwa a kan haka. Na ga ya kamata in rubuto miki yadda abin ya faru dalla-dalla, domin a waya Iya kuka take yi, ni kuma bakina ba ya buɗuwa.

Mun ɗauki dukan bayan sito lafiya, ya yi kyau ƙwarai. Ya tashi ya karkaɗe jikinsa, har yana tsokanar yaran wai dukansu kamar tausa. Washegari da safe yana ɗaura takalmi zai fito, Iya ta ji faɗuwar abu. Ta same shi a jingine da gado, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, jinin ne ya hau. Ke kin fi ni sanin sauran. Yanzu an sallamo shi yana gida. Yana gane kowa, hankalinsa garau, amma ƙafar dama ba ta ɗaukar sa, magana kuma sai an kasa kunne sosai.

Ranar da aka dawo da shi, abin da ya fara tambaya ta shi ne ina kwat. Na ce yana rataye a ɗakin aiki. Ya juyar da fuskarsa wajen bango. Da ma ya zage ni, Yaya. Rabin yini ya roƙa. Kyamara tana hannunmu, ƙofar tana nan, rana tana sama, shi kuma yana tsaye da ƙafafunsa. Na hana shi saboda kada riga ta saɓa. Shi jikinsa yake ji, ni yadi nake kallo. Da na sani ƙeya ce, ga shi ina ta waiwayen ta. Kada ki ce maganarki ce ta jawo, na san halinki. Ke tsokana kika yi irin ta ya da ƙani, ni ne na mai da ita doka na ɗora wa tsoho.

Mai Jari ya zo dubiya da lemo a leda, ya yi addu’a mai kyau. Muna fitowa ƙofar gida ya ja ni gefe, ya ce ai abin ma ya zo da sauƙi. Tunda an riga an ɗauki inda aka yi masa duka aka bar shi kwance, sai a ce a nan ya mutu. Yaron da ya fito a ɗansa, wanda aka kashe a farko, a dawo da shi a ce ɗan tagwayensa ne da ke wani gari, ya zo ya rama wa uba da ɗan’uwa. Har yana murna wai gawa biyu a fim ɗaya, kasuwa za ta yi kyau. Na so in shaƙe shi, sai dai abin haushin shi ne ta fuskar sana’a bai yi ƙarya ba. Da wani ne ba Kawu ba, da ni zan fara kawo wannan shawara.

Na roƙi Mai Jari ya ba ni lokaci. Ga abin da nake tunani. Faɗan cikin gidan Bos zan iya ɗauka da wani mai tsawon Kawu, a sa masa kwat da hula, a riƙa nuna bayansa da inuwarsa. Mun sha yin haka. Abin da ba ya aruwa shi ne fuska a bakin ƙofa. Ƙofar ɗakin Kawu ta katako ce, in an matso da kyamara ba mai gane ba ta Bos ba ce. Ba sai ya taka ba. Ya tsaya kawai, daga ƙirji zuwa sama, ya dubi gaba, in ce “kot”, a tsayar da kyamara. Na faɗa masa, idonsa ya kawo ruwa, ya gyaɗa kai. Tun ranar yake cin abinci sosai, yana barin Iya ta motsa masa ƙafar yadda aka koya mata, abin da a da yake ƙi.

Ki gaya mini gaskiya a matsayinki na ma’aikaciyar jinya, in mutum biyu suka tallafe shi, tsayuwa kaɗan za ta cutar da shi? In kin ce ba za ta cutar ba, zan yi. Ki sa mu a addu’a.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Wasiƙunki biyu sun zo, ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba. Yaya yara da babansu? Kawu yana samun sauƙi a hankali, yanzu yana zama a kujera a ƙofar ɗaki, yana kai cokali baki da hagu. Iya tana ƙoƙari, Allah ya biya ta.

Mun yi yadda kika ce, da hantsi bayan ya karya ya sha magani, ba tare da an daɗe ba. Na riga na ɗauki faɗan da wani, don haka kwat ɗin ya sha yaga ya sha jini yadda na tsara, ko zare bai saɓa ba. Iya ce ta sa masa, ta tura hannun da ya shanye cikin aljihu. Ni na durƙusa ta hagu na riƙe ƙugunsa. Bos ya durƙusa ta dama, inda nauyin yake, ya rungume cinyarsa. Ki duba wannan abu, Yaya: mutumin da a labari aka ce yana kwance a cikin ɗaki an gama da shi, shi ne a ƙasa yana ɗauke da wanda ya kashe shi, hawaye na zuba a kan takalmin Kawu. Muka ɗaga shi. Ina jin jikinsa yana rawa kamar injin da ke shirin mutuwa, amma ya tsaya. Mai kyamara ya ɗauka. Na ce kot daga inda nake durƙushe, muka zaunar da shi, kowa ya tafa, Iya har da guɗa.

Sai Kawu ya miƙa hannun hagu ya ce a nuna masa. Na yi kamar ban ji ba, ya sake miƙawa. Mai kyamara ya juyo masa da ɗan allon. Ya kalla, ya ce a mayar, ya sake kalla. Ni ma ina kallo ta kafaɗarsa. Ba zan ɓoye miki ba. Ba mutumin da ya fito daga gidan azzalumi aka gani ba. Tsoho ne marar lafiya, ɓarin fuska ya zube, ido ɗaya yana hawaye da kansa, kafaɗa ta karkata inda ake riƙe da shi. Duk wanda ya gani tausayi zai ji.

Na fara cewa za a gyara da haske, za a rage tsawonsa, masu kallonmu ba sa lura. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Maganar ta daɗe kafin ta fito, amma kowa a ɗakin ya ji ta. Ya ce, “Auta, suna lura.” Ya huta, ya ce bindigar katako za su yafe, jinin sukari za su yafe, domin ba su suka zo gani ba. Amma mutumin da ya biya kuɗinsa ya zauna a benci, ya zo ne ya ga wanda aka zalunta ya miƙe da ƙarfinsa. In aka ba shi wannan, zai koma gida da nauyin da ya zo da shi, har da ƙari. Sannan ya nuna allon da haɓa ya ce, “Kashe ni a bayan sito. Can na yi kyau.”

Na ce na yi masa alkawari. Ya ce ya yafe. Na ce ni ban yafe wa kaina ba. Ya ce wannan kuma matsalar Darakta ce, ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce wa Iya ta cire masa kwat zafi yake ji. Bos ya fita waje, muna jin kukansa daga bakin famfo.

Haka aka yi. An dawo da yaron a ɗan tagwaye, mun ƙarasa cikin gaggawa. Ba ki tambaye ni ba amma zan faɗa miki, fim ɗin cike yake da irin abubuwan da kike kamawa, domin bayan ranar ban ƙara duba rigar kowa ba. Kuma ba mu taɓa yin wanda ya karɓu kamarsa ba. Mai Jari har ya sayi sabuwar kujera a shago. Na je gidan kallon bayan gareji na zauna a benci na ƙarshe. Da aka zo bayan sito, ɗakin ya yi tsit, ban taɓa jin shiru irin wannan a wurin ba. Wani ƙato a gabana ya ja wuyan rigarsa ya share ido. Da ɗan tagwayen ya cafki Bos kuwa, sai da mai gidan kallon ya fito yana roƙo kada a karya masa benci. A hanyar fita ina jin suna cewa tsohon nan bai taɓa mutuwa mai kyau irin wannan ba. Na kai wa Kawu wannan magana, ya ji daɗinta da gaske, ya sa na maimaita wa Iya.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke shi ne yadda na tace wurin. A ainihin abin da muka ɗauka, bayan yaran Bos sun tafi, Kawu yana kwance rubda ciki, kyamara tana kansa. Ya ɗan jima haka. Sai yatsun hannunsa na dama su motsa, su damƙi ƙasa. Sai ya ja gwiwa, ya dafa bango, ya miƙe a hankali har ya tsaya cak, ya juyo ya dubi hanyar da suka bi. Ita ce miƙewa ta ƙarshe da ya yi a gaban kyamara da ƙarfin kansa, kuma da hannun da yanzu ba ya motsi ya yi ta. Don ya mutu, dole in yanke kafin yatsun su motsa. Na yini ina matsar da wurin yankan gaba kaɗan, baya kaɗan, ina ƙara masa numfashi ɗaya, har na kai inda in na ƙara ko ƙiftawar ido za a ga hannun. A nan na yanke.

Yanzu mutane suna kallon wurin suna cewa Allah sarki, ya cika. Ni kuwa duk lokacin da aka zo nan, idona yana kan hannun, ina jira. Na san ni na yanke, amma ban daina jira ba.

Kin ce in aiko miki da fim ɗin. Zan aiko, amma Yaya, wannan karon in kin ga kuskure ki bar shi a ranki. Ki yi ƙoƙari ki samu hutu ki zo, yana yawan tambayar ki. Ki gaida maigidan, ki shafa kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta